Kujerar Taga ta Hannun Dama

Har yau ban manta da wata Alhamis ta ƙarshen damina ba, ranar da na yanka wa wani dattijo tikitin Katsina ban tambayi abin da zai kai shi ba. Ku sababbin ma'aikata kuna yi mini tsiya wai na cika tambaya, wai mutum ya ce yana son taga sai in tsare shi kamar ɗan sanda a shingen hanya. To ku gyara zama, yau za ku ji mafarin abin.

Lokacin shekarata bakwai a ofishin nan namu na Abuja, ni ce babbar mai yankan tikitin cikin gida, daga ni sai Manaja, Malam Nuhu. Ga wanda bai san aikin ba, kujerun jirgi ba kuɗinsu ɗaya ba, ko da kuwa a jere suke. Kamfani yakan kasa su aji-aji, a fara sayar da masu araha, in sun ƙare a hau na gaba. Amma wani lokaci in Alhamis ta yi aka ga jirgin Juma'a zai tashi rabinsa wayam, sai a sake buɗe ajin araha na 'yan sa'o'i. Wannan ɗan tsakanin muke farauta. Irin wannan tikiti ba a canza masa rana, ba a maido kuɗinsa, kuma kujerun gaba ba nasa ba ne, sai abin da ya saura daga tsakiya zuwa baya.

Cikin masu jiran wannan dama akwai Hajiya Rabi, ma'aikaciyar jinya. Ita ba ta zaɓen gari. Duk Alhamis ɗin da ba ta da aiki a ƙarshen mako sai ta bugo ta ce, "Larai, ina ne da sauƙi gobe?" In na ce Legas, Legas ta nufa. In na ce Yola, jakarta a ɗaure take. Ta je ta huta kwana biyu, Litinin tana bakin aiki.

Ran nan kuwa sai ta ce mini Katsina take so, kujera biyu, ita da mahaifinta, tafiya Juma'a da safe, dawowa Lahadi da safe. Aka yi sa'a ajin araha a buɗe yake. Na riƙe mata kujerun, ta turo kuɗi, na yanka. Har za ta kashe waya ta ce, "Baba yana son taga fa." Na ce ai wannan ba komai ba ne. Na duba taswirar kujeru a kwamfuta, na ga 14A babu kowa, na danna masa ita zuwa da dawowa. Layin mutane a gabana, waya biyu suna kuka, ban ƙara tunawa da maganar ba.

Bayan an sauko daga Juma'a sai ga wayar Hajiya Rabi daga Katsina. Muryarta a sanyaye. Ta ce, "Larai, kin ɗora Baba a kan fiffike."

Na ce, "Hajiya, taga kika ce, taga kuma na ba shi."

Ta ce, "Tun daga Abuja har Katsina goshinsa a manne da gilashi, bai ga komai ba sai farin ƙarfe. Yanzu ga shi nan a masauki, ko ruwa ya ƙi sha."

Raina ya ɗan ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Na ce a zuciyata, tikitin araha ne fa, kuma a ce sai na auna wa mutum inda fiffike ya tsaya? Saura kaɗan in faɗi haka, Allah ya kama bakina, ta ci gaba da magana.

Ashe ba su da wata sabga a Katsina. Mahaifinta, Baba Barau, manomi ne daga wani ƙauye a bayan Mabai, ƙasar Ƙanƙara. Tun da zaman lafiya ya gagara a yankin suka ɗauko shi suka kawo shi Abuja, shekara biyar ke nan. Ya yi ta roƙon a kai shi ko kwana ɗaya, 'ya'yansa suka taru suka hana, ga hanya ba tabbas, ga ƙafa ta fara ba shi matsala. Sai wani ya gaya masa a masallaci cewa jirgin Katsina yana bi ta gefen ƙasarsu, kuma in gari ya yi garau ana hango duwatsu. Akwai wani dutse a bayan gonarsa. Shi kaɗai yake so ya gani. Wata uku yana damun Hajiya, har ranar da farashi ya faɗi.

Ta ce bari ta ba shi wayar in ba shi haƙuri da kaina.

Na gaishe shi, na ce ya yafe mini. Ya ce, "Babu komi, ɗiyata, haka Allah ya nufa." Sannan ya ce, "Ke ɗiyar ina ce? Na ji bakinki irin namu."

Na ce, "Tafoki, Baba, ƙasar Faskari."

Ya ce, "Ikon Allah. Yaushe rabonki da gida?"

Na ce shekara shida. Ban gaya masa cewa mahaifiyata ta koma Funtuwa wajen ƙanena ba, ban gaya masa cewa mahaifina yana kwance a can ƙarƙashin ƙasar Tafoki ko ziyara ba na iya kai masa ba. Shi ma bai tambaya ba. Cewa kawai ya yi, "To kin san abin."

Na sani kuwa. Na san kewar da ke kama mutum in ya ji ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, ya waiwaya ya ga kwalta da gidajen bene. Na sha tsayawa a kasuwa a gaban masu sayar da dawa, ba don zan saya ba, sai don in sa hannu a cikin buhu.

Da na ajiye wayar na buɗe tikitin dawowa, sai na ga wata matsalar. Na ɗauki takarda na zana: Katsina a sama, Abuja a ƙasa, Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa duk a yamma da layin. Harafin A taga ce ta hagu, F ta dama. Mai zuwa Katsina, hagunsa yamma ce, don haka A daidai take, fiffike ne kawai ya tare shi. Amma mai dawowa, hagunsa gabas ce. Wato ranar Lahadi na ɗora shi a kan fiffike, kuma na juya masa baya ga garinsu. Kujerar F yake buƙata, can gaba, in ba haka ba tafiyar ta tashi a banza, kuma waye ya san ko zai sake samun wata.

Na duba layukan gaba. Duk tagogin dama an kama. Ɗaya daga ciki, 4F, ofishinmu ne ya yanka ta, kuma da na ga sunan sai da na dafe kai. Alhaji Garba ne, ɗan kasuwar hatsi, mutumin da ya fi kowa wahalar da ni a aikin nan. Kusan duk wata yana zuwa Katsina, kuma kullum magana ɗaya: zuwa 4A, dawowa 4F, jirgin safe. In ba su samu ba ya fasa tafiyar, ko da farashi ya faɗi ƙasa warwas. Na taɓa ba shi 4C, ya zo har nan ya yi mini wankin babban bargo a gaban mutane. A bayan idonsa Alhaji Taga muke ce masa.

Ƙa'idar aiki ita ce ba a taɓa kujerar wani sai da yardarsa, kuma ba a ba wani labarin wani. Ranar Asabar da safe na shiga wajen Manaja na zayyana masa komai, har da kuskurena. Malam Nuhu ya cire tabarau ya ce, "Larai, kin san halin mutumin nan. In ya fusata muka rasa shi fa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, in ya fusata ni zai zaga, na saba."

Ya ce in fara neman izinin Hajiya Rabi, kuma kar in matsa wa Alhaji. Na kira ta, ta ce in faɗa wa duk wanda zan faɗa wa.

Na buga wa Alhaji Garba. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Kar dai ki ce mini kin taɓa kujerata."

Na ce, "Ban taɓa ba, Alhaji, roƙo na zo yi." Na ba shi labarin a taƙaice, ina jiran tsawa.

Can ya ce, "Wane gari kika ce?"

Na ce bayan Mabai.

Ya ce, "Hajiya Larai, shekara nawa kina yanka mini tikiti?"

Na ce huɗu.

Ya ce, "Shekara huɗu, ba ki taɓa tambayata mi nike nema a tagar nan ba. Kin ɗauka iyayi ne ko? Ni mutumin Damari ne, ƙasar Sabuwa. Gidanmu shina nan, a kulle. Hatsin da nike saye a Katsina, da waya ma sai in saye shi."

Kunya ta rufe ni. Shekara huɗu ina yi wa bawan Allah laƙabi, ashe ciwonmu ɗaya.

Ya ce in ba tsohon kujerar. Amma da sharaɗi: kar in jefa shi baya, in nemo masa 4E, ta tsakiya, kusa da Baba. "In ba a nuna mishi ba, ba zai gane ba," in ji shi. "Daga sama duk duwatsu kama suke. Ni sai da na yi tafiya uku kafin in gane namu." Kujerar tsakiya ba mai rububinta, tana nan a sake. Na kira ofishin kamfanin jirgin, suka ce musanyar sai an biya ɗan bambancin kujerar gaba, Manaja ya ce ofis ya ɗauka tunda kuskuren namu ne. Kafin azahar na tura wa kowa sabuwar takardarsa. Abu ɗaya ya rage wanda ba ya cikin kwamfuta, wato hadari. Ranar Lahadi da safe na fito tsakar gida na yi ta kallon arewa kamar ni ce zan tuƙa jirgin.

Litinin da hantsi sai ga Hajiya Rabi ta shigo da wani dattijo siriri, da sanda, da farar hula. A kujerar can ta bakin ƙofa ya zauna. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Ɗiyata, na gane shi."

Ya ce Alhaji ne ya riƙe agogo, suna cikin hawa ya taɓa shi ya ce ya fara duba. Da farko bai ga komai ba sai kore da ja-ja. Sai ga dutsen, da tsagar nan tasa ta gefen gabas inda suke fakewa in ruwa ya kama su a gona, ƙanƙane kamar tukunya a kife. Bai ga gonar ba, bai ga gidan ba. Amma ya ga hayaƙi siriri yana tashi kusa da wurin.

Hajiya Rabi ta dube ni, na dube ta. Hayaƙi a ƙasarmu yanzu yana iya zama komai. Shi kuwa Baba ya ce, "Hayaƙin girki ne, na san shi. Akwai mutane."

Ya ce Alhaji bai ko leƙa nasa garin da kyau ba, sai dai ta saman kafaɗarsa, kuma da suka zo saitin Sabuwa ya daina magana har suka sauka. Sannan Baba ya gyara riƙon sandarsa ya ce, "Kafin nan ya nuna mini wani wuri can nesa, ya ce wajajen Faskari ke nan. Ban ga Tafoki ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma na ɗaga hannu na ce ɗiyarku Larai tana gaishe ku, tana nan lafiya, ba ta manta ba."

Ni da ba na kuka a gaban mutane, ranar sai da na shige bayan kantar ofis na ɓuya.

To kun ji dalilin tambayata. Aikinmu a ido neman araha ne, wanda ya fi saurin danna kwamfuta shi ne gwani. Amma a cikin masu cewa "ina ne da sauƙi gobe" akwai wanda hutu yake nema, akwai kuma wanda gida yake nema ba shi da hanyar zuwa sai ta sama. Ba za ku gane su daga riga ko daga ajin tikiti ba. In mutum ya ce taga, ku tambaye shi ta wane hannu, ku duba inda fiffike yake, ku duba ina rana za ta kasance. In ya yi muku faɗa a kan kujera, kar ku yi saurin ba shi suna.

Baba Barau ya rasu a daminar da ta biyo, a nan Abuja aka binne shi. Alhaji Garba har yanzu 4A da 4F ne, kuma ba na bari ya tambaya. Ni kuwa ban hau jirgin Katsina ba tukuna, duk da rangwamen da ake yi wa ma'aikata. Tsoro nake in hango wurin daga sama jirgin ya wuce da ni. Amma duk Alhamis, kafin in duba wa kowa komai, layin Katsina nake fara buɗewa in ga ko 5F ta dawowa tana nan.