Jirgin da Inusa Ya Ƙera wa Inna Tani

Duk wanda ya yi zamani a Madarumfa tsakanin samun mulkin kai da shekarun fari ya san rumfar Inusa maƙeri, ko bai san sunansa ba ya san ƙarar gudumarsa. Maƙerin fari ne, ba ruwansa da gatari ko garma. Tasa da tire da buta da fitila su ne aikinsa. Gajere ne, kunnensa ɗaya ya yi nauyi saboda bugun ƙarfe, kuma yana da wani hali da ya hana shi tara abin duniya: in ka kai masa buta ya liƙe maka, sai ka dawo ka tarar ya ajiye ta a cinya yana kallon yadda rana ke wasa a gindinta. Matarsa Salamatu, wadda ta tashi a gidan marina, takan ce da kallo ana dafa shi, da gidansu ya fi kowane gida tuwo.

A irin wannan kallon ne, wajen shekarar 1964, ya lura da wani abu. Yana goge cikin wata tasa mai faɗi, sai ya ga in ya kawo yatsansa kusa da gindinta, hoton yatsan yakan kumbura. In ya ja baya kaɗan sai ya ƙara girma, har a zo wani wuri da hoton zai cika tasar, ya zama kamar yana can nesa, bayan ƙarfen. In ya wuce nan kuma sai komai ya kife. Ya nuna wa mutane uku ko huɗu, suka ce to, sai me? Sai ya ci gaba da liƙin buta har shekara goma sha biyu.

Mahaifiyarsa Inna Tani tana zaune a gidansa. Tsohuwa ce mai kaifin baki, idonta kuma irin na tsofaffi: ba ta iya zura zare a allura, ba ta ganin tsakuwa a cikin wake, amma daga ƙofar gida takan gaya maka masuncin da ke cikin kwalekwale a tsakiyar tafki. Tun tana da ƙarfinta ba ta da buri irin na zuwa Makka. Sai dai Allah ya haɗa ta da tsoron bisa. Ba ta taɓa taka tsanin rumbu ba, in ta leƙa rijiya jiri ke ɗibarta, kuma sau biyun da ta shiga kamiyo, wato babbar mota, zuwa Maraɗi, da gyale ta rufe fuska har aka isa.

A daminar 1976 babban ɗanta Mamman, mai fatauci a Ɗan Issa, ya zo da albishir cewa ya samar musu kujera biyu, shi da ita, a jirgin alhazai. Gida ya ɗauki guɗa, ban da ita. Da yake ɗan fari ne ba ta faɗar sunansa, ba ta ma dubansa sosai, sai ta juya wajen Inusa.

“Auta, gaya ma wancan na gode, Allah shi yi albarka. Amma mi za ya kai ni sama, ni ba shaho ba? In da ƙahwa za a tahi, gobe ma in ɗaura zane. In ko sai ta bisa, a ba wani.”

Ƙafar da take magana a kai kuwa ko kasuwa ba ta kai ta sai ta huta sau biyu. Mamman ya yi lallashi, ya kawo liman, ya kawo ƙawayenta, duk a banza. A ƙarshe ya ce da Inusa in aka gama yankan gero bai ji ta amsa ba, dole ya ba da sunan wani. Su biyun sun san in bana ta wuce, da wuya gwiwoyin nan su jira baɗi. Abin ya tsaya wa Inusa a rai, don ya sha jin ta bayan sallar la'asar tana roƙon Allah ya nuna mata Ka'aba, sannan ta share hawaye da bakin zane tana tsammanin ba wanda ya gani.

Tunaninsa bai da wuya. Jaki ma in yana tsoron rafi, da ƙaramin ruwa ake fara saba masa. Zai ƙera mata jirgi a tsakar gida, ta riƙa shiga har tsoron ya gaji ya bar ta. Matsalar ɗaya ce, shi kansa bai taɓa hawa abin da ya fi raƙumi tsawo ba. Sai ya tafi wajen Alhaji Garba, wani dattijo da ya yi hajji ta jirgi, ya tsare shi da tambaya wuni biyu: yaya kujerar take, da me ake ɗaure mutum, taga ta kai faifai ko ba ta kai ba, ƙarar irin ta me ce? Daga nan ya hau kukar da ta fi kowace tsawo a bakin tafki da allo da gawayi, ya yi kwana uku yana hawa yana zana garin daga sama. Masu wucewa suna ɗaga kai suna cewa, Allah sarki, bugun ƙarfe ya taɓa Inusa.

Ya sayi rabin wani tsohon kwalekwale ya ɗora a kan gungume don ya riƙa karkata. Ya kafa kujera a ciki, ya rufe da zana da tabarmi, ya yanka taga a gaba. Salamatu ta samo farin yadi kamu ashirin, da shuni da jar garura da kore daga gidansu, suka zana gidaje da gonaki da tafki, daga manya suna ƙanƙancewa har shanu suka zama ɗigo. Suka naɗe yadin a sanduna biyu, in aka murɗa sai ƙasa ta riƙa wucewa a taga.

Inna Tani ta shiga ne kawai don kada a ce ta wulaƙanta auta. Inusa ya ɗaure ta da majanyi, ya kama zugazugi yana yin ƙara, Salamatu ta murɗa sanda. Tsohuwa ta tsura ido, ta matso, ta ja baya, sannan ta miƙa hannu ta taga ta cafko yadin.

“Wanga shi na sama? Ni dishi-dishi kaɗai nika gani. Kun ɓata yadi mai kyau, Salamatu, da riga kika ɗunka ma mijinki da ya hi.”

Ta kwance majanyinta ta fita tana dariya. Inusa ya ji kunya ƙwarai, ya koma rumfa ya zauna bai ɗauki guduma ba. Yana nan zaune ya hango ta a ƙofar gida ta kare rana da hannu tana faɗa wa maƙwabciya sunan wani mai jaki da ke can ƙarshen hanya. Nan take ya gane inda ya yi kuskure. Ya sa mata sama a kan hanci, alhali idonta nesa yake gani. Tasar nan ta shekarun baya ta faɗo masa a rai. Idan ya ɓoye yadin a saman kanta, ya sa ƙarfe mai lanƙwasa a gabanta daidai wurin da hoto ke guduwa nesa, to ba yadi za ta gani ba, nisa za ta gani.

Faɗar ta fi yin sauƙi. Tasoshin da ke rumfarsa duk sun cika zurfi, suna murguɗa hoto. Yana bukatar lanƙwasa marar zurfi, wadda ta yi daidai ta kowane gefe. Ya ɓata tire biyu yana bugu da ido. Sannan ya tuna yadda magina ke fitar da da'irar rumbu da turke da igiya. Ya ɗaura igiya a reshen bishiyar bedi, ya sa ƙusa a bakinta, ya ajiye kututturen kirya a ƙarƙashi. Duk inda ƙusar ta karta in ya lilo ta, sai ya sassaƙe, har ta riƙa shafar kowane wuri daidai. A cikin wannan ramin ya kwantar da babban tiren tagulla, yana bi da ƙaramar guduma a hankali, kwana tara. Ya goge da toka, ya bi da tsamiya, ya bi da laka mai laushi, ya ƙare da baƙin tukunya da tafin hannu har fatar ta saɓule. Duk wannan lokaci butocin mutane suna jibge suna jira, gero kuma ya nuna, an fara yanka.

Ya kafa tiren a bayan taga, ya rataye yadin a sama inda rana ke faɗa masa ta wata kafa. Ya riƙa matsar da shi yatsa ɗaya, yatsa biyu, yana shiga yana fita. Can ya zauna ya duba. Gefe-gefen yana ɗan rawa, amma tsakiya ga Madarumfa can ƙasa, kuma ko ya kai kansa dama ko hagu, garin ba ya matsowa. Ya kama bakin kwalekwalen da hannu biyu, shi da ya ƙera abin.

Ran da Mamman ya aiko cewa jibi zai zo jin magana ta ƙarshe, Inusa ya durƙusa gaban uwarsa.

“Inna, sau guda kaɗai. In kin ce a'a, wallahi ni da kaina zan hwasa shi a hura wuta.”

Ta shiga tana mita. Zugazugi ya kama, Inusa ya danna gungume da ƙafa, kwalekwale ya ɗaga hanci. Sai mitar ta yanke. Ta miƙa hannu ta taga, ba ta taɓa komai ba. Ya ji ta tana salati da ƙarfi, yana ganin yatsunta sun damƙe majanyi, har zuciyarsa ta ce ya tsaya kada ya kashe tsohuwa. Bai kai ga tsayawa ba ta daka masa tsawa.

“Kai Auta! Ina za ka kai ni? Wanga jirgi yamma ya nuhwa!”

“Yamma kuma, Inna?”

“Shekara nawa nika salla gidan ga? In na dubi gabas, kukar unguwarmu tana dama, tsamiyar gonarmu tana hagu. Ga kuka nan hagu! Ka ba Makka baya, kana gudu da ni. Juya shi!”

Inusa ya saki zugazugi ya dafe kai. Ya zana garin daidai yadda ya gan shi daga kan kuka, ya manta madubi yana mayar da dama hagu, shi kuma da ya gwada, tsoro bai bar shi ya lura ba. Sake zanen kamu ashirin ya fi ƙarfin kwana biyu. Yana cikin wannan jimami Salamatu ta leƙo tana ƙunshe dariya.

“Malam, ashe ba ka san rini ba? Shuni ba ya tsayawa huska guda, ratsawa shika yi. Kwance yadin ka birkita shi.”

Suka birkita, launin ya ɗan dushe amma komai ya fito. Kuka ta koma dama. Sai a lokacin Inusa ya lura da abin da ya fi wannan girma: tsohuwar ba ta ce a sauke ta ba, cewa ta yi a juya. Ta zauna har yadin ya ƙare, ta ce a maido shi farko. Sau huɗu ta tashi ran nan, a na huɗun har tana nuna wa Salamatu gonar da ba a gama yanka ba. Da Mamman ya zo, ta kau da kai kamar kullum ta ce, “A gaya ma wancan ya rubuta sunana.”

Daga wannan shekara, duk kaka sai ka ga tsofaffi daga Gabi da ƙauyukan kewaye sun yi layi a gidan Inusa, masu niyyar hajji da masu son kallo kawai. Bai taɓa sa wa abin kuɗi ba, kuma har ya tsufa bai shiga jirgin gaskiya ba. Amma ya ga ɗaya da idonsa, don shi ya raka su har Yamai.

Ya tsaya a bayan shingen filin jirgi cikin 'yan rakiya. Jirgin ya fi duk abin da Alhaji Garba ya kwatanta, ƙararsa kuwa ta mai da zugazuginsa abin wasa. Ya hango layin fararen kaya yana tafiya, ya gane ta da ɗingishinta. Da ta isa gindin tsani sai ta tsaya cak, layin ya tsaya a bayanta. Inusa ya damƙe wayar shinge yana cewa a ransa, shi ke nan, tagulla da yadi ba su isa ba. Ya ga ta ɗaga kai tana magana da wani mai kayan aiki da ke tsaye a wurin. Ba ya jin komai daga nan, amma ya ga mutumin ya waiwaya, ya miƙa hannu ya nuna gabas. Ta dubi inda ya nuna, ta gyara gyale, ta ture hannun da Mamman ya miƙo mata, ta kama ƙarfen tsanin da kanta.

Inusa ya ƙirga matakan tare da ita har ta shige, sannan ya zauna a ƙasa ya yi kuka, bai damu da masu kallonsa ba.