Mai Sasanta Jarumai Biyu

A zauren baje kolin littattafan zane na Tokyo, Tomoe, wadda ita ma ta zo sayar da nata, ta kasa ɗauke ido daga matar da ke teburin gefenta. Matar ta haura saba'in, kai fari fat, tabarau rataye a wuya. Littafi ɗaya tal take sayarwa: jarumai maza biyu na wani tsohon labarin takobi, abokan gaba a asali, ita kuwa ta mai da su masoya masu rigima kan wanke tukunyar shinkafa. Duk kwafin da aka taɓa, sai ta gyara masa zama. Tomoe tana rayawa a ranta cewa wataƙila shekara da shekaru ta yi tana ɓoye zanenta ƙarƙashin kayan ɗinki.

Wata budurwa ta buɗe littafin, ta tuntsire da dariya.

"Kaka, jikarki kike tsare wa teburi?"

Tsohuwa ta miƙe, ta gyara wuyan rigarta.

"Jikata? Ko da'ira ba ta iya zanawa! 'Yar nan, tun ba a haifi uwarki ba nake sasanta waɗannan biyun. Juya shafi ki ga aiki."