Ƙofar da Na Toshe wa Mahaifina

A shekarun da bidiyo ya fara shiga gidajen Omdurman, ni magidanci ne mai ɗinkin kujerun mota a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu ta Khartum. Ban yi nisa a karatu ba, amma ina da tsari, kuma ina alfahari da shi. A shagona almakashi yana da ƙusarsa, allura tana da gwangwaninta. A gida ma haka, in na yanke magana ba a ƙara ta. Na yi 'yan shekaru ina aiki a Jidda, na dawo da babbar talabijin da bidiyo da lasifikoki. Abin da waɗannan kaya suka kai ni ga yi wa mahaifina shi ne ya sa na rubuto muku.

Gidanmu ƙofa biyu gare shi, kamar kowane gida a unguwar. Ɗaya ta mata ce, tana shiga hosh, wato tsakar gida. Ɗayar ta maza ce, daga titi take buɗewa kai tsaye cikin diwan, ɗakin baƙi. A nan Baba yake wuni. Ya tsufa, ya bar ƙarfinsa a gonakin auduga na Jazira, idonsa ya yi rauni. Tsofaffin da suka tsinci auduga tare da shi sukan zo da hantsi su sha kofi, su yi ta tsokanar juna da Hausa. Akwai amininsa na unguwar Hajj Yusuf da yake ƙetaro kogi duk Juma'a. Kullum sai ya ce kofin Baba ruwan wanke tukunya ne, kullum kuma sai ya shanye ya miƙa finjali a ƙara masa. Baba kuwa yakan ce wanda ya hau mota biyu don ruwan wanke tukunya shi ne abin tausayi.

'Ya'yana sun fara leƙa gidan kallo na unguwa, abin da ba na so ke nan. Sai na ƙudura yin namu a gida, inda ni zan zaɓi kaset, ni zan kashe. Diwan ne kaɗai ɗakin da ya isa. Da farko na mayar da Baba ɗakin ciki, na sa masa sabuwar fanka da sabon gado, ina ganin na kyauta. Na biyu, na kira magini ya toshe taga da ƙofar titi da bulo, don haske yana ɓata hoto, ƙarar titi tana ɓata sauti. Ya huda ƙaramar ƙofa ta cikin hosh. Sannan na lulluɓe bango da soso da baƙin yadi, na jera kujerun bas da na ɗinke da hannuna, layin baya na ɗaga shi a kan katako. Ban samu sukuni ba duk lokacin aikin. Ina shago hankalina yana gida, in dawo in ga yadi ya karkace, in farke in sake.

Matata ta ce mini abokan Baba ba za su shigo ta ƙofar mata ba. Na ce mata mai son Baba zai nemi hanya. Shi kuwa Baba abu ɗaya ya roƙa, ya ce ko taga ta tafi, in bar masa ƙofar. Na ce masa ai ƙofar ce duk matsalar. Ya ce to, Allah ya sa albarka.

Maganar matata ce ta tabbata. Tsofaffin suka riƙa zuwa suna tsayawa gaban sabon siminti, inda har yanzu ana ganin shatin ƙofa. Ba wanda tarbiyyarsa ta bar shi ya ratsa hosh, matar gida tana girki, 'yan mata suna wanki. Sai su aika da sallama su juya. Baba ya gwada fitar da kujera titi, ranar Omdurman ta koro shi. Amininsa ya zo ya ƙwanƙwasa bangon da sanda, ya tambaye ni ko abokinsa na binne da rai, ko talabijin na gina wa hubbare. Na yi dariya, na shigo da shi ta hosh don ya ga ɗakin, kansa a ƙasa, yana ta neman gafarar matata. Bai sake dawowa ba.

Daga nan Baba ya kasa zama. Ya tashi daga gado ya koma inuwa, ya je bakin ƙofar mata ya saurari titi, ya dawo. Wata rana na dawo daga aiki da la'asar ba ya gida. Na duba masallaci, na zaga kasuwa, na leƙa asibiti, ina tambayar masu shayi ko sun ga tsoho mai sanda da farar jallabiya, kamar akwai tsohon da ba haka yake ba. A Hajj Yusuf na same shi. Shi kaɗai ya hau mota da wannan idon nasa. Yana zaune a diwan ɗin amininsa, ƙofa a buɗe, finjali a hannu. Ya ce mini ba fushi ya yi ba, a nan dai mai wucewa yana yi masa sallama. Na yi alkawarin buɗe ƙofar. Ya tambaye ni yaushe. Na ce da farko in gama aikin mutane na Sallah, sannan in cire soson a hankali kada ya yage, sannan in kira magini. Ya yi murmushi, ya ce tun ina yaro ko tuwo sai na jera lomarsa kafin in ci.

Na koma gida ba tare da shi ba. Nakan shiga ɗakin in kunna kaset, ban san abin da ake yi a ciki ba, in kashe, in fita titi in tsaya ina kallon bangon. Duk da haka ban taɓa shi ba, don lokacinsa a tsarina bai zo ba. Kafin Sallah Baba ya rasu, da hantsi, a ɗakin wani, a gidan wani.

Da muka dawo daga maƙabarta, maza suka cika titinmu don ta'aziyya. Na shiga na fizge soson da hannu, ya yage, na ɗauki guduma. Maƙwabta suka kama mini. Kafin a kira la'asar ƙofar ta buɗe. Abin da yake buƙata ke nan tun farko, guduma da rabin yini. Tsofaffin suka tsallake fasassun bulo suka shigo, suka zauna a kujerun bas, kowa yana kallon ƙeyar ɗan'uwansa. Aminin Baba bai tsokane ni ba a ranar. Ya ce kawai, ɗana, a juya kujerun nan mu ga juna.

Na auna ɗakin nan da awo, na auna haske, na auna sauti, amma ban tambayi kaina abin da ƙofar take yi wa mai zama a bayanta ba. Na ɗauka tsoho gado da fanka yake buƙata, ashe sallamar mutane ce take riƙe da shi. Ina gargaɗin duk mai shirin gyara gida alhali iyayensa suna ciki: kafin ka kira magini, duba inda suke zama da hanyar da mutanensu suke bi su iso gare su, kada ka taɓa wannan wurin. In kuwa ka riga ka taɓa, kada ka ce sai ka gama kaza da kaza. Ni na buɗe tawa ƙofar, abokansa duka sun shigo, shi kaɗai ne bai shigo ba.