Kalmar da ya dawo da ita

Maigidana ya yi rani uku yana cewa Zariya yake tafiya karatu. Ɗan malami ne, kowa a garinmu Ba'awa ya san shi zai gaji makarantar mahaifinsa. Ni kuwa tun farko hankalina bai kwanta ba. Mai ƙaro ilimi littafi yake dawowa da shi, shi kuwa nawa sai atamfa, ga kuma kanta ta fito masa a kafaɗa.

Wata safiya akuyarmu ta tsinke, na ji ya ce mata, "Kom." Na ce wannan fa? Ya ce Larabci ne. Ni dai ban haɗiye ba.

Da za mu biki Tudun Wada, muka tsaya jiran mota a Kwanar Dangora. Wani direba ɗan kudu ya ɗaga wa abokin aikinsa hannu, ya ce, "Kom." Nan take na sa yayata ta tambaye shi ma'anarta. Ya ce "zo" ke nan a Turancin broka. Wai a bakin ruwan Ikko kakanninsu suka tsince ta wajen Turawan jirgi, har waɗanda ba 'yan Ingila ba haka suke faɗi. Bikin nan ban ji daɗin komai ba.

Ranar da na dawo na tsare shi a ɗaki. Na ce, "Malam, a Zariyar taku jiragen ruwa ake karantawa?" Sai ya ce karatun ne ya ƙi shiga kansa, dako yake yi a Ikko. Na ji haushin ƙaryar, na kuma ji tausayinsa. Ya roƙe ni kada Baba ya ji, don baƙin ciki zai kwantar da tsohon.

Na riƙe maganar har bayan kaka. Rannan na kai wa surukina fura a zaure, idonsa ya riga ya tafi a lokacin. Akuyar nan ta leƙo tana kuka. Ya miƙa hannu ya ce, "Kom."

Na tsaya riƙe da ƙwaryar furar ina kallonsa.

Ya ce, "'Yata, ajiye. Tun ranin farko na ji ta a bakinsa. Ni ma shekara biyu na yi dako a can kafin in zauna kan buzu. Jira nake ya faɗa mini da kansa."