Shinkafar Da Ta Zube A Sito

Da ƙungiyarmu ta manoma a Kalgo ta ɗora ni kan binciken sito, sau uku nake ƙirga buhuna, kada a ce na yi sakaci. Wata tsohuwa 'yar Gwandu ce ke mana shara, tana kwashe shinkafar da ta zube ta kai wa jikokinta. Kowa ya sani, ba mai magana. Ni kuwa abin ya hana ni sukuni, sai na sa a rahoto.

Shugaba ya karanta a taro, ya ce, "Inna, daga gobe ki huta."

Ta dube ni ta ce, "Ɗana, har da ƙasar ka auna?"

Yanzu kajin shugaba ke cin shinkafar. Wannan ban rubuta ba, ina tsoronsa.