Shekarar da Na Hana Aharas Shiga Sukuwa

Ban taɓa hawan doki a guje ba, gara in faɗi wannan tun da wuri. Ni mai son doki ne daga ƙasa, irin waɗanda suke tsayawa bayan shingen filin sukuwa suna ihu har murya ta dishe. Aikina jinya ne, a ɗakin masu karaya na wani babban asibiti, kuma tun da na baro ƙauyenmu na zauna a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi a Kano ba ni da burin da ya wuce in wayi gari da dokina a turke. Matata takan ce sauran maza mafarkin mota suke yi, ni kuwa nawa mafarkin harawa yake ci.

Shekarar da Allah ya cika min burin, daga kasuwar kan iyaka na sayo shi, can wajen Maigatari. Jan doki ne dogo mai siririn wuya, irin wanda masu dawaki suke kira aharas. Wanda ya sayar min ya rantse cewa a yankinsu babu dokin da ya taɓa shan gabansa. Na san mai haja ba ya kushe hajarsa, amma na yarda, don ina son in yarda. Muka ɗoro shi a bayan mota muka sauke a wani kango a Darmanawa, wanda abokin aikina ya ba ni aro tun da bai tashi gini ba. Muka kafa turke, muka yi masa rumfar kwano.

Mahayin kuwa yana gida, ƙanina ne, autan ɗakinmu. Adaidaita sahu yake ja tsakanin Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi, siriri ne marar nauyi, ya taso yana hawan dawakin ƙauye ko sirdi babu. Ranar da zai taho birni Inna ta kama hannunsa ta sa a nawa, ta ce, "Ga shi nan, a can kai ne ubansa." Yakan je filin sukuwa da sassafe ya motsa wa masu dawaki dawakinsu, amma ranar gasa babu wanda ya taɓa ba shi doki. Saboda haka da aharas ya sauka, auta ya fi ni rawar jiki. Doki bai gama waige-waigen baƙunta ba ya ce, "Yaya, za mu sa shi a ta bana ko?"

Babbar sukuwar shekara saura 'yan makonni a lokacin. Tambayar nan ita ta hana ni sakat.

Masu dawaki suna da wata al'ada, sukan ce baƙon doki sai ya sha ruwan gari. Wato a bar shi a turke ya saba da ruwa da abinci da hayaniyar wuri kafin a nemi gudu a wurinsa. Kowa ya yarda da wannan. Amma har zuwa yaushe? Nan ne ba ka samun baki biyu su zo ɗaya. A majalisarmu ta bakin teburin mai shayi wani ya ce sai ya ga damina ɗaya a Kano. Wani ya ce ina, da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, in na bar shi a turke zai yi tumbi ya manta da gudu. Waɗanda ko jaki ba su taɓa ɗaurewa ba su suka fi kowa ɗaga murya. Nakan taso daga wurin kaina ya fi na da kullewa.

Shi kansa dokin bai taimake ni ba da farko. Ruwan da 'yan garuwa suke kawowa a jarka sai ya sansana ya kau da kai, sai da muka riƙa jefa masa kanwa a ciki. Adaidaita ta danna hon a bayan katanga, jikinsa duka ya ɗauki ɓari. Leda ta taso a iska, ya nemi tsinke igiya. Kafin in tafi aiki ina wurinsa, in na taso ina wurinsa, ina shafa ƙafafunsa ko zan ji zafi, ina duba kashinsa kamar majinyacin da aka ba ni amana. A hankali ya fara cin dusa da harawa sosai, auta kuma ya riƙa jan sa da ragama cikin lungunan unguwa har ya daina firgita da babura.

Da muka ga ya natsu, muka kai shi filin sukuwa wata safiya bayan sallar asuba. Auta ya hau, ya ɗan zaga da shi, sannan ya sakar masa linzami a miƙaƙƙen layi. Wallahi ban taɓa ganin gudu irin wannan a kusa da ni ba. Na ce a raina ashe mutumin nan bai yi min ƙarya ba.

Sai suka isa kwanar fili.

Abin da babu wanda ya tuna a cikinmu shi ne, sukuwar garin su aharas a miƙe take. Daga wannan bishiya zuwa waccan ake tsere a kan rairayi, ba a taɓa ce masa ya karya kwana yana tsakiyar gudu ba. Namu filin kuwa zagaye ne, da shingen ƙarfe a gefe. Dokin nan ya miƙe kai tsaye ya nufi shingen. Auta ya ja iya ƙarfinsa, aharas ya yi turjiya, sai ga auta a kan wuyansa, ƙafa ɗaya ta fita daga likkafa, gwiwarsa ta gogi ƙarfe. Ya dawo yana dariya, wando a yage, yana cewa, "Yaya, ka ga gudu kuwa?" Ni ban ga gudu ba, shinge na gani.

Ni fa na san abin da faɗuwa take yi wa mutum. A ɗakinmu na asibiti akwai waɗanda aka rataye wa ƙafa da nauyi suna kallon silin wata da watanni. Akwai waɗanda ƙashin bayansu ya taɓu, ƙarti majiya ƙarfi, sai an juya su an share musu jiki. A makonnin nan duk saurayin da na juya a gado sai in ga fuskar auta. Tsoro ya shige ni sosai, har na rage cin abinci. Matata ta ce, "Malam, tun da dokin nan ya zo shi yana ƙiba kai kana ramewa. Wa ya sayi wani ne a cikinku?"

Auta ya dage da koya masa kwana kullum safiya. Da a ce dokin ya ƙi koya gaba ɗaya, da na huta, hukunci ya yanke kansa. Amma yau ya karya kwana lafiya lau har in fara sakin rai, gobe ya sake buɗewa ya nufi shinge. Kuma duk wannan shi kaɗai ne a fili. Ranar gasa fa, da dawaki a hagu da dama, da ganguna, da ihun jama'a? Ranar da ya yi kyau in ce za mu sa shi. Kafin la'asar in ce ba za mu sa ba. Na yi istihara, na tashi da zullumin da na kwanta da shi.

Ana gobe sukuwa na sami auta a kango yana wanke dokin. Na tsaya daga baya na ce, "Auta, bana dai mu haƙura. Allah ya kai mu baɗi."

Bai juyo ba. Ya ce, "Dokin ne bai shirya ba, ko ni ne?"

"Dokin ne. Kai ma ka sani."

"Yaya, kai karaya kawai kake gani. Waɗanda suka hau suka sauka lafiya ai ba sa zuwa ɗakinku, shi ya sa ba ka san suna da yawa ba."

Maganar ta sosa ni, don akwai gaskiya a cikinta, ni kuma in aka fi ni hujja zuciya nake yi. Na ce, "To dokina ne, kuma na ce ba zai fita ba." Ya ajiye soson a bakin bokiti, ya goge hannu a wando, ya fita. Na ji babu daɗi, amma kuma na ji kamar an sauke min buhu daga ka. Na ce fushinsa mai sauƙi ne a kan in kira Inna da mugun labari.

Washegari na je kallo hankalina kwance, aharas yana can a turkensa yana cin harawa. 'Yan majalisa suna ta yi min tsiya, wai na sayi doki na yi masa lalle na ajiye a ɗaka. Na bar su suka yi ta yi. Ban ga auta ba tun safe, na ɗauka fushi ya sa ya fita aiki da adaidaitarsa.

Akwai abin da na sani sarai amma ban sa shi a lissafi ba. Ranar gasa, wajen da ake ɗaura sirdi ba ya rabo da matasan mahaya suna jira. In mahayin wani bai zo ba, ko ya yi wa dokin nauyi, nan take mai doki yake duba cikinsu ya nuna ɗaya. Da aka fara fito da dawaki sai na hango wani baƙin ingarma na wani Alhaji baƙo yana ta dukan ƙasa, mutum biyu suna riƙe da shi. A kansa wani siririn mahayi ne cikin koriyar riga da ta yi masa yawa. Ko a cikin dubu na san wannan zaman sirdin.

Aharas dai mun san aibinsa, mun san a wace kwana yake yi. Wannan kuwa auta ko sunansa bai sani ba jiya. Na kutsa cikin mutane ina ƙwala masa kira. Ya juyo ya dube ni, ya ɗaga min hannu kaɗan, ya mayar da kai gaba. Aka sake su.

Ban san wa yake gaba ba, ban kuma damu ba. Idona yana kan koriyar riga, bakina yana ta innalillahi. Suka shiga kwanar farko a dunƙule, ƙura ta rufe su. Jama'a suka yi wani irin ihu wanda ba na murna ba. Da suka ɓullo sai ga baƙin doki yana gudu shi kaɗai, likkafu suna kaɗawa, babu kowa a kansa. Na riƙe shingen nan ban san na riƙe ba. Na ga gadon da za a kwantar da shi, har na ga kaina ina juya shi. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba kafin na hango kore can tsakiyar ayari, a duƙe a wuyan wani baƙin dokin. Ashe baƙaƙen biyu ne. Wanda ya faɗi ma na gan shi ya miƙe yana ɗingishi.

Ban ga ƙarshen tseren ba. An ce auta a tsakiya ya shigo, bai yi na ɗaya ba bai yi kurar baya ba. Ni dai na tsinci kaina zaune a ƙasa, na jingina da shinge. Can sai ga shi ya tsaya a kaina, fuska duk ƙura, yana haki.

Ya ce, "Yaya, ni na hau, kai ka faɗi?"

Na kama wuyan hannunsa na riƙe gam. Na buɗe baki zan zage shi, sai kuka ya riga zagin fitowa.