Madam Safura, Mai Tambayar "Wa Ya Ce?"

Kafin ɗalibai su gama shan koko, Madam Safura ta buɗe laburaren jami'a. Takan buɗe tagogi, ta mayar da littattafan jiya mazauninsu, ta duba ko intanet na aiki, sannan ta ja kujera kusa da ƙofa. Haka take yi tun ba ta da furfura. A ƙarshen shekarar nan za ta ajiye aiki.

Ita ce ta taka har ofishin Malam Kamaldeen, mai koyar da dabarun bincike, ta ce, "Malam, yaran nan suna jin karatunka a aji, amma in sun shigo wurina sai su tsaya zuru. Kawo su nan mu koyar tare." Tun daga nan shi ke nuna musu yadda ake tsara tambaya, ita kuma ta nuna musu inda ake samo amsa.

Ƙanwata Sahadatu shaida ce. Bincikenta na kammala karatu a kan matan garin Yendi masu yin man kaɗanya ne, kuma Malam Kamaldeen ya dawo mata da shi. Kowane shafi "an ce" ne, an kwaso daga waya. In ba ta gyara ba kafin a rufe karɓa, sai ta maimaita shekara, Baba kuwa ya riga ya ce daga bana sai gida.

Ta zo laburare idanu jawur. Madam Safura ta karanta shafin farko, ta ɗago kai.

"Wa ya ce matan sun daina wannan sana'a?"

"Madam, kowa ya sani."

"Kowa ɗin nan ɗan wace unguwa ne? 'Yata, kin yi Islamiyya?"

"Na yi."

"In aka kawo miki hadisi babu wanda ya ruwaito shi, za ki karɓa?"

"A'a, Madam."

"To bincike ma haka yake. Kowace magana da mai ita."

Suka bi aikin layi-layi. Abin da suka samo tushensa a littafi suka bari, wanda ba shi da uba suka cire. Sai ya zama, ban da na littafi, abin da ya rage mai ƙarfi duk daga bakin kakarmu Hajiya Atikatu, mai yin man kaɗanya a Yendi, Sahadatu ta ji shi, amma tana ganin maganar tsohuwa ba ta isa shiga aikin jami'a ba. Da suka tambayi Malam Kamaldeen, ya ce ta isa, muddin za a rubuta sunanta da garinta da ranar da aka yi hirar.

Sahadatu ta hau mota zuwa Yendi. Da tsohuwa ta ji sunanta zai shiga littafi, sai ta ajiye muciya ta ce, "To ki haɗa da na uwata, a wurinta na koya."

Sahadatu ta kammala tare da 'yan ajinta. Aikin yana nan a laburare, da sunayen nan biyu a ciki.

Madam Safura, ke ce mai haƙurin zama da wanda ya rikice har ya gane hanya. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai albarka. Malamai da ma'aikatan laburare na Salaga da Bawku da ko'ina, ku riƙa taka wa juna ofis. Kujerar nan ta bakin ƙofa kada a bar ta babu kowa.